Hoton da Ke Gudu da La'asar

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya sauko da ni lafiya daga kowane soro da na taɓa hawa.

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka nufi akurki, muka fita muka yi salla cikin duhun da ba na dare ba, ita ce shekarar da zan ba ku labarinta. Ta biyo bayan shekarar fara da yunwa. Wanda ya yi wayo a lokacin ya san abin da nake nufi. Wanda bai yi ba, ya tambayi uwarsa abin da aka riƙa ci a gidansu.

Ku yaran yanzu kuna wucewa ta gaban rumfata a nan Dakoro, ku ga tsofaffin sandunan alminiyam a rataye, ku yi dariya. Kwanan baya ɗayanku ya tsaya ya ce mini, "Baba Sale, wai wannan ma sana'a ce? A ɗaura ƙarfe a kan sanda, a juya har hoto ya zo?" Na ce masa ya zauna in ba shi amsa, ya ce yana sauri. Shi ya sa na zauna na rubuta, in ya sami sukuni ya karanta.

Anten, wadda mutanen Najeriya ke ce wa eriya, a hannun marigayi Malam Garba mai gyaran rediyo na koye ta, a wata rumfa bayan tasha. Ni daga makarantar allo na zo, ban yi lakwal ba, wato boko, ban san lambobin da ke jikin mitarsa ba. Sai ya ɗauko igiya ya ƙulla mata ƙulli-ƙulli, ya ce, "Ga mitarka." Daga bakin igiya zuwa ƙullin farko, tsawon sandar baya ke nan. Ƙulli na biyu, tsawon uwa, wato sandar da ake lanƙwasawa a ɗaura mata kabul, wayar da ke sauko da hoto zuwa tele. Sauran na 'yan gaba ne, kowace ta ɗan gaza wadda ke bayanta. Don kada su rikice mini, nakan sa wa kowace harafi da tawada, alu, ba, ta, har zuwa ta ƙarshe. In an jera su a gicciye a kan katako sai su yi kamar ƙashin kifi. A bayansu a kafa ragar waya, ita ke tare hoto ta maido shi wajen uwa.

Kayan aikina ba su fi cikin jakar fata ɗaya ba: awartaki, turnabis na kwance sukuru, zarto, ƙaramar guduma, wuƙa, robar cikin tayar keke da na yayyanka, da kwalbar baƙin man mota don shafe haɗi. Amma abin da ya kamata ku sani shi ne, tashar da ke turo mana hoton Yamai tana can kudu da nisa. Abin da ke isowa Dakoro ragowa ne, kamar ruwan da ya rage a gindin guga. Sai ka tashi sama ka tarbe shi, ka kuma fuskance shi daidai. In kan anten ya kauce da faɗin yatsa, hoto ya watse ya zama abin da muke kira tsaki, fari da baƙi suna ta rawa, murya tana shuuu.

Malam Garba dokoki biyu ya ba ni. Ta farko, a fara neman ciwo daga ƙasa: batir, sai fish ɗin da ke shiga bayan tele, sai kabul taƙi-taƙi, sai haɗin da jan ƙarfe ya gamu da alminiyam, don nan ne farin gari ke taruwa ya cinye hoto. Sai duk sun fita lafiya ake hawa. Ta biyu, ba a hawa sai an yi sallama ga maƙwabta. Namiji a saman soro yana ganin tsakar gida huɗu. Sai ka aika, ka kuma ɗaga murya ka ce, "A yi sutura, za a hau sama!" Ka jira a amsa. Wanda ya raina wannan, ko ya fi kowa iya aiki, ba zai sake hawa a unguwar ba.

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi da na yi wa anten a cikin gari, hotonsa ya riƙa ɓacewa duk ranar wanki. Na canja kabul, na goge haɗi, a banza. Ashe igiyar shanya aka ɗaura a jikin wayar da ke riƙe sandar, in an shanya barguna masu nauyi sai su ja kan anten ya kalli yamma. Irin wannan ciwon ba a jikin ƙarfe yake ba, a cikin zaman gidan yake. Ina ganin na koyi darasin tun lokacin. Ashe da sauran karatu.

A shekarar yunwa sana'armu ta kwanta. Wanda ke neman tiyar gero ba ya kiran mai anten. Mutane suka sayar da telolinsu, wasu har da batir. Masu hali kuwa suka koma parabol, babban farantin nan da ke kallon sama, wanda yara 'yan Maradi ke zuwa su kafa. Na sayar da motona, wato babur ɗin da nake hawa, na sayar da alminiyam ɗin da na tara, na bar na anten ɗaya kawai, mai kyau, na ce ko Allah zai kawo mai so.

Ya kawo Tanimu. Bayan husufi da ɗan lokaci, ana tsakiyar zafin bazara, ya zo rumfata daga wani ƙauye da ke bayan Birnin Lalle. Siriri ne, mai yawan magana, ba ya iya zama wuri ɗaya. Yunwa ta cinye masa dabbobi, saura sa guda. Ya sayar da san, ya sayi tele ta hannu da batirin kamyo, wato babbar mota. Ya kewaye fili a ƙofar gidansa da zana, ya ce zai riƙa nuna wasan ƙwallon duniya da za a fara farkon damina, masu kallo su ba da ɗan abin shiga, matarsa Rabi ta sayar da shayi da ƙosai.

Na ce, "Tanimu, san noma ka sayar ka sayi akwati?"

Ya ce, "Malam Sale, sa ba ya ba ni gero sai kaka. Rumbuna wayam yake. In wagga dabara ba ta ci ba, sai in bar gona in tafi Najeriya ci-rani da damina, in bar Rabi da yara a hannun Allah. Ka yi mini anten wadda ba ta ƙarya."

Na yi masa. Na ba ta ragar baya mai faɗi, na sa mata amfili, ɗan akwatin nan da ke ƙara wa hoto ƙarfi, na ɗaure shi can sama kusa da uwa. Muka haɗa bututun ƙarfe da gora doguwa a kansa, muka tayar, muka ja wayoyi uku muka kafe. Ina juya sanda, Rabi tana gaban tele tana ba ni labari.

"Ya zo! A'a, ya tafi. Koma kaɗan. Malam, ka wuce! Yauwa, tsaya nan, kar ka yi numfashi!"

Hoto ya fito tas, har ana ganin maɓallan rigar mai karanta labarai. Tanimu ya yi ta zagaya sandar yana tafa hannu. Na hau motar kasuwa na koma gida. Motar nan ita kaɗai ke bin hanyar, tana isa ƙauyen da hantsi, ta juyo kafin la'asar. Wanda ya rasa ta sai ya kwana.

Kwanaki suka ɗan ja, sai ga saƙo a bakin direba: hoto yana gudu. Na je. Na tarar da Tanimu a bakin hanya yana jirana, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ja ni. Aka kunna tele. Hoto tas.

Na ce, "Ina ciwon?"

Ya ce, "Wallahi jiya da marece tsaki ne zalla. Da rana lafiya lau, la'asar na sakaliya sai ya gudu. Lokacin da mutane ke zuwa ke nan fa!"

Na ce batir ne, da rana yana da ƙarfi, yamma ya gaji. Muka kai shi wajen mai injin niƙa aka cika shi. Na gyara fish, na koma Dakoro.

Saƙo ya sake zuwa. Wannan karon na bi kabul da yatsa tun daga bayan tele har gindin sanda, ko ɓera ya ci, ko rana ta fasa. Babu komai. Na aika wa maƙwabta, na yi kiran sutura, na hau katanga na duba wayoyi ko an ɗaura musu wani abu. A miƙe suke. Na tono gindin sanda ko ƙasa ta saki. Daram. Na hango ɗan farin kashin tsuntsu a jikin gora, ban ba shi muhimmanci ba, don babu sandar da na taɓa kafawa da kurciya ba ta yi wa haka ba. Direba ya yi ta danna oda, na sauko na bi shi.

Zuwa na uku na sauke anten ɗin gaba ɗaya, muka kwantar da ita a ƙasa. Na kwance amfili na sa wani da na aro. Na goge haɗi har yana ƙyalli, na shafe da mai, na naɗe da roba. Muka sake tayarwa, hoto tas, na tafi. Kwana biyu, direba ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Mutuminka ya ce in gaya maka, jiya ma masu kallo sun karɓe kuɗinsu."

Lokacin nan kowa a tsaye yake. Zafi ya kai inda ya kai, hadari yakan taso daga gabas da yamma, ya yi baƙi, iska ta kwashe shi. An gyara gonaki, an zauna ana kallon sama. Masu ɗan iri sun ɓoye shi don kada yara su ci. Ni ma na kasa zama a rumfa. In ɗauki igiyar awo in sake auna sandunan da babu su, in ajiye, in je tasha in tambayi direba, in dawo. A kasuwa an fara cewa hannun Sale ya tsufa, a kira 'yan parabol. Wannan bai dame ni kamar Tanimu ba. Wasan ƙwallo ya matso, an ce mini har ya fara tambayar kuɗin mota zuwa iyaka.

Sai na ce wa iyalina kada su jira ni. Na je ƙauyen da niyyar in bar mota ta tafi, in ga ciwon da idona a lokacin da yake zuwa.

Na tarar da Tanimu ya rame. Rabi ta kawo mini ruwa ta ce, "Malam, ka yi masa magana. Ya ɗaure kayansa tun shekaranjiya, na kwance, ya sake ɗaurewa."

Tanimu ya ce, "Ke dai kawo shayi."

Ta ce, "Da wane sukari?"

Muka yi la'asar, muka kunna tele, na zauna a gabanta kamar mai jinya. Hoto lafiya. Rana ta sunkuya, inuwar zana ta yi tsawo, samari suka fara leƙowa. Can sai hoto ya yi rawa, ya dawo, ya sake rawa, sai tsaki ya rufe shi ruf. Ban taɓa tele ba. Na fita da gudu na ɗaga kai.

Shamuwa ce. Biyu. Ɗaya ta sauka a kan 'yan sandunan gaba, nauyinta ya lanƙwasa gorar, kan anten ya sunkuya yana kallon ƙasa. Ɗayar tana kan ragar baya da kara a baki, tana gyara masa wuri. Tun saukewar da na yi, har sun tara ƙirare sun fara sheƙa. Da rana suna daji suna kiwo, gora ta miƙe, hoto ya dawo. Ni kuwa kullum da rana nake zuwa.

Na juya na ce, "Tanimu, tun yaushe tsuntsayen nan ke sauka a nan?"

Ya ce, "Ai sun daɗe. Tun zuwansu garin nan."

"Kana ganinsu kullum?"

"Kowa na ganinsu. Har barka anka yi mini, an ce duk garin gidana sunka zaɓa."

"Na zo sau nawa ina tambayarka abin da ya canja, ba ka faɗa mini ba?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. Ya ce, "To mi ya haɗa shamuwa da hoto? Ka tambaye ni ciwo. Shamuwa ciwo ce?"

Rabi ta saki dariya har ta riƙe zana, sannan dariyar ta ɗauke, don ta riga mijinta gane abin da ke tafe.

Ku da kuka tashi a gari, sai na yi muku bayani. A ƙauyukanmu shamuwa baƙuwar damina ce. In ta iso, an san ruwa ya kusa. Ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta, ba a rushe mata sheƙa, ko yaro mai ƙiriniya ya san wannan. Ni dai na san ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi lokacin da Ya so, ba tsuntsu ba. Amma ban taɓa rushe gidan wata halitta tana ciki ba. Kuma mutanen da suka binne 'yan'uwansu bara, suna zaune suna jiran hadari, ba ranar yi musu wa'azi a kan tsuntsu ba ce.

Tanimu kuwa da ya gane, sai ya rarumi dogon kara ya nufi sanda. Ya ce, "Yau za su bar mini gida."

Bai kai ba aka ce, "Kai, Tanimu! Ajiye."

Baba Nomau ne, dattijon da gidansa ke kan tudu a kudancin garin, wanda ba a fara shuka sai ya fara. Yana cikin masu zuwa kallon shamuwar da marece, ba kallon tele ba. Tele kam ya sha faɗa cewa hayaniya ce.

Tanimu ya ce, "Baba, abincin 'ya'yana suke zaune a kai."

Ya ce, "Na ji. In ka kore su, ruwa ya ƙara kwana goma bai zo ba, wa za a ce ya jawo? Kana iya zama garin nan? Wa zai shigo filinka ya ba ka ko dala?"

Mutane sun taru, babu wanda ya goyi bayan Tanimu. Ya jefar da karan, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Shi ke nan. Rabi, ɗauko mini kayana, gobe in bi mota."

Baba Nomau ya juyo gare ni. Ya ce, "Kai ɗan Dakoro, wadda ka yi, ita kaɗai ce a duniya? Ba ka iya yin wata?"

Na ce, "Baba, ina iyawa. Amma alminiyam ɗina na ƙarshe ga shi can ƙarƙashin baƙinku. Amfili ma yana can. Ba amfili, sai an sami wuri mai tudu, a ajiye tele a gindin sanda don kabul ya zama gajere. Sandar ma babu. Ka san wuyar samun dogon itace a ƙasar nan."

Ya ɗaga kai ya dubi tsuntsayen. Sannan ya ce, "Tudu dai ƙofar gidana ce. Ina da azara biyu da na sawo daga kudu, na ajiye don rufin ɗakin ɗana, da kaka zai yi aure. Ni na hana Tanimu nashi, sai in ba shi nawa. Amma ku ji. In anka kira salla, a kashe akwatin. Azara kuma aro ce, shamuwa na tashi a maido mini. Kuma kar ka huda mini ita, ɗan Dakoro. Ko ƙusa ɗaya. Azarar da anka huda, gara ta sami ƙofa."

Na ce, "Ba ƙusa, Baba, da mi zan riƙe kan anten?"

Ya ce, "Kai ne mai sana'a."

Washegari tun da sassafe muka shiga neman abin da za mu yi aiki da shi. Mai injin niƙa yana da wani tsohon dinamo da ya ƙone, ya bar mana wayar jan ƙarfen da ke cikinsa. Na warware mai kaurin, na miƙar da ita da guduma a kan turmi, na murɗa biyu-biyu don ta yi ƙarfi, na yanka bisa ƙullin igiyata. Katakon tsakiya, ƙafar wani karyayyen gado ce. Raga kam na ce ba za a sa ba, kada a sake yi wa wasu baƙin shimfiɗa. Na sa sanduna biyu a madadinta, na kuma kakkafa tsinkayen waya a tsaye a bayan katakon don kada ƙafa ta sami wurin sauka. Na yanke kabul daga tsohuwar sanda daidai inda hannuna ya kai, ban girgiza ta ba.

Haɗa azara biyu ba tare da ƙusa ba shi ya ci mana rana. Na jiƙa igiyar fata irin ta guga, na naɗe mahaɗin tana danye, na bi da roba, na bar ta a rana ta bushe ta ƙame. Kan anten ma haka na ɗaure shi, na cusa 'yan itatuwa a tsakani don ɗaurin ya matse. Baba Nomau yana zaune a kan buzunsa, duk lokacin da na ɗauki guduma sai ya miƙe wuya.

Tanimu ya kasa tsayawa. Ya riƙe igiya, ya saki, ya je ya leƙa hanya, ya dawo. Motar kasuwa ta zo ta yi oda. Kayansa suna ɗaure a bakin zana. Direba ya ce, "Mai tafiya ya fito!" Tanimu ya dube ni.

Na ce, "Ban yi maka alkawari ba. Ban taɓa yin anten da wayar dinamo ba."

Rabi ta zo ta zauna a kan ƙullin kayan, ta ce wa direba, "Ka tafi, Allah Ya kiyaye hanya. Akwai gobe."

Bayan la'asar muka yi kiran sutura, muka tayar da azara, maza shida suna riƙe da igiyoyi. Aka ɗauko tele da batir a amalanke aka ajiye a gindinta. Na rungumi azara ina juyawa a hankali, ƙaiƙayinta yana cin ƙirjina.

Rabi ta ce, "Tsaki. Tsaki dai. Tsaya, na ji murya! Koma. A'a, ɗaya gefen. Malam, kamar mutum, kamar ba mutum ba."

"Yanzu fa?"

"Ya zo! Wallahi ya zo! Kar ka motsa!"

Ban motsa ba har aka cika ramin da ƙasa aka daddaɓe. Da na zagayo na duba, hoton bai kai na farko ba. Akwai ɗan tsaki a kansa kamar yayyafi. Amma ana ganin mutum, ana ganin abin da ke hannunsa. Muka tsaya muna jiran lokacin da yake gudu. Rana ta sunkuya. Shamuwa suka dawo daga daji, suka yi shawagi a kan garin, suka wuce mu, suka sauka a kan tsohuwar anten. Hoto bai motsa ba. Aka kira magariba, Tanimu da kansa ya kashe tele.

Aka fara wasan ƙwallo, filin ƙofar gidan Baba Nomau ya riƙa cika, har daga rugagen Fulani ake zuwa. Ruwa ya ƙara jinkiri kaɗan, sannan Allah Ya saukar da shi, aka yi shuka. Tanimu bai je ko'ina ba. Da safe yana gona, da yamma yana gindin azara, abin da aka samu a sayi tiyar gero. Da haka suka kai kaka. An ce mini dattijon da ke cewa hayaniya ce yakan sa a juyo masa buzunsa wajen akwatin, wai don ya tabbata an kashe a kan lokaci.

Da aka yanke gero, shamuwa suka tashi da 'ya'yansu, sai na hau mota na koma, don aro yana wuyana. Na zo da bututun ƙarfe da na samu, muka mayar da anten ɗin jan ƙarfe a kansa. Muka sauke azara, na yanke igiyar fata da wuƙa, ni da Tanimu muka ɗauka a kafaɗa muka ajiye a gaban Baba Nomau. Ginin ɗakin ɗansa ya kai rufi.

Bai yi sauri ba. Ya durƙusa ya bi ta farko da tafin hannu daga kai har gindi, ya juya ta, ya sake bi. Ya yi wa ta biyu haka. Ya tsaya a inda igiya ta bar sawu, ya kankare da farce, ya ga ba rami ba ne. Ya miƙe ya ce, "Ka cika, ɗan Dakoro. Babu sauran magana a kan azara."

Na ce, "To Baba, tunda baƙi sun tafi, zan sauke tsohuwar anten in kwashe alminiyam ɗina da amfilin mutane."

Ya ce, "Amfili ka hau ka ciro, ka maida wa mai shi. Sauran ka bar shi yadda yake. In sun dawo baɗi su tarar da kango?"

Tanimu ya ce, "Baba, kayan sana'arsa ne fa. Ni ya yi wa sabuwa, waccan tashi ce."

Dattijon ya ce, "Na sani. Ni ba na cin haƙƙin mutum."

Ya shiga gida, ya fito yana jan damin gero, sabon yanka, irin mai dogon kai. Ya ajiye a ƙafata. Ya ce, "Na saya. Ya isa, ko in ƙaro?"

Na ce ya isa. Muka yi musafaha, aka yi fatiha. Na hau na ciro amfili a hankali ta ƙarƙashin sheƙa, ban zubar da kara ko ɗaya ba. Direba ya ɗaura mini damin a saman mota.

Na yi anten ba adadi a ƙasar nan, daga Mai Yara har Bader Goula. Wannan ce kaɗai na sayar wa mutumin da ba shi da tele.